Babi na Shida: Lasifika 36 a Kan Hanyar Dapaong

Shekara da shekaru, da inji masu ƙera motocin alfarma suke yi wa juna gori. Wannan ya ce nasa silinda 8 ne, wancan ya ce 12, mai saye kuma ya tsaya a gefe ya sa a taka masa totur don ya ji gurnaninta. Zuwan motar lantarki ya tashi wannan kasuwar. Mercedes EQS da BMW i7 da Lucid Air duk hali guda gare su: ka taka su, su zabura, ba su ce uffan ba. Da aka rasa gurnanin da za a sayar, sai kamfanoni suka koma kan abin da kunne zai ji a cikin motar, kayan sauti suka zama abin tinƙaho.

Ga abin da suke bugawa a takardun talla. EQS tana zuwa da kayan Burmester, kamfanin da Dieter Burmester ya kafa a Balin a 1977, lasifika 15 masu ƙarfin wat 710. Porsche Taycan ma na Burmester ne ga wanda ya ƙara kuɗi, lasifika 21 da wat 1,455. Tesla ba ta ɗauko sunan kowa ba, da kanta ta haɗa na Model S da ta sabunta a 2021, lasifika 22 da wat 960. Lucid Air tana da 21, kuma ita ce motar farko da aka sanya wa tsarin Dolby Atmos, shi ma a 2021. Volvo EX90 ta ɗauki Bowers & Wilkins na Ingila, lasifika 25 da wat 1,610. BMW i7 kuwa ta kere su da lasifika 36 da wat 1,965, ita ma daga Bowers & Wilkins, har da wasu 'yan na'urori a cikin kujera masu girgiza bayan mutum idan ganga ta sauka.

Wanda ya bi wannan lissafi zai ce magana ta ƙare, BMW ta yi na ɗaya, Mercedes ta zo kurar baya. Kunne ba haka yake lissafi ba. Idan aka ninka wat sau 2, abin da ƙarar ke ƙaruwa da shi desibel 3 ne kacal, wanda da kyar mutum zai ce an ɗan ƙara murya. Kafin ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat ɗin sau 10. Ke nan tazarar da ke tsakanin 710 da 1,965 ba ta kai desibel 5 ba. Kuma lambar da aka rubuta ƙololuwa ce, wadda babu mai kaiwa gare ta sai wanda ya gaji da kunnuwansa. Yawan lasifika shi ma haka: aikinsu raba sauti ne, ƙanana su ɗauki siririn amo, matsakaita su ɗauki murya, manya su ɗauki mai kauri, a kuma daidaita lokacin da kowanne zai iso kunne, tunda direba ya fi kusa da ƙofar hagu fiye da ta dama. Wannan daidaitawar ita ce sana'ar, kuma tun 1983 aka gane haka, lokacin da kamfanin Bose ya auna cikin Cadillac Seville ya tsara mata kayan da suka dace da ita kaɗai. Ba a iya rubuta ta da lamba, shi ya sa ba ta shiga talla.

Duk waɗannan motoci a kan titunan Jamus da Suwidin da Kalifoniya aka saita su. Ni kuma ina so mu ɗora su a kan Babbar Hanya ta 1 ta ƙasar Togo, wadda ta tashi daga Lome ta nufi arewa, mu ɗauki yankin da ke tsakanin Sokode da Dapaong, tafiyar kusan kilomita 300. Ba don suna da yawa a can ba. Ba kasafai ake ganin irinsu ba, duk da cewa dokar kasafin kuɗin ƙasar ta 2020 ta sassauta kuɗin kwastan a kan sababbin motocin lantarki. Abin hawa na lantarki da ya fara samun gindin zama a Togo mai ƙafa biyu ne, baburan haya na kamfanin Spiro da suka bazu a Lome, waɗanda ake musanya musu batir a tasha, kuma ko lasifika ɗaya babu a jikinsu. Na zaɓi hanyar ne don Bahaushe ya daɗe da saninta. Tun kafin Jamusawa su kafa bariki a Sokode a ƙarshen ƙarni na 19, ayarin fataken goro na ratsa wannan ƙasa tsakanin Kano da Salaga, suna yada zango a Didawure, unguwar Musulmi 'yan kasuwa a tsakiyar ƙasar Kotokoli, wasu kuma su bi ta Mango a bakin kogin Oti. Jikokinsu na nan a zangon Sokode da na Dapaong, kuma har yau 'yan kasuwar da ke sauke kaya a tashar jirgin ruwan Lome ta nan suke bi zuwa Sinkase, su tsallaka Burkina Faso, wasu su zarce Yamai da Maraɗi. Duk ranar da irin wannan mota ta shiga hannun wani Alhajin Maraɗi ta Lome, a kan wannan kwaltar za ta fara nuna halinta.

Abu na farko da hanyar za ta koya masa shi ne cewa motar lantarki ba shiru gare ta ba, inji ne kawai babu. A cikin gari, wajen kasuwar Sokode, gaskiya ne ba ka jin komai, har ma Tarayyar Turai ta wajabta tun daga 2019 a riƙa sanya wa sababbin samfura wata ƙara ta waje idan suna tafiya ƙasa da kilomita 20 a awa, don kada su buge mai tafiya a ƙasa. Amma da zarar an fita gari an miƙa, taya ce ke magana, sai iska ta biyo baya. A motar fetur gurnanin inji yana rufe wannan, kunne ya saba ya manta. Da aka cire injin, sai duk abin da ya ɓoye ya fito fili: rugugin taya, kukan iska a jikin madubi, da 'yar ƙarar ƙofa da ta fara saki. Ga nauyi kuma. EQS ta kai tan 2 da rabi, i7 ta haura haka, saboda batir, kuma yawanci a kan manyan rim suke da taya mai gajeren gefe, wadda ba ta shanye gargada, miƙa ta take yi ciki.

Kamfanonin sun san da wannan, kuma sun yi dabaru biyu. Ta farko, gilashi mai ninki biyu, da soso da ake mannawa a cikin tayar kanta don ya kashe amon da iskar ciki ke yi. Ta biyu ta fi ban sha'awa: ana dasa makirufo ko na'urar jin girgiza, kwamfuta ta saurari rugugin hanya, ta sa lasifikan motar su fitar da kishiyarsa, amo biyun su haɗu su kashe juna. Model S tana yin haka. Sai dai wannan dabara rugugi mai ɗorewa take iya kamawa, irin na kwalta mai laushi da ke tafiya bai ɗaya. Ramin da tirelolin Wagadugu suka haƙa, ko inda aka yi wa kwalta faci, ko tudun rage gudu a bakin ƙauye, kafin kwamfutar ta farga an wuce. A hawan Alejo, tsakanin Sokode da Bafilo, da gangaren Defale bayan an wuce Kara, mutum kan daɗe a bayan babbar mota mai hawa da giya ɗaya, kuma kukanta ba na taya ba ne balle a soke shi. Nan kaurin gilashi da robar ƙofa ne kaɗai gata.

Maganar soson taya kuma, a tuna da mai faci. Ranar da ƙusa ta shiga tayar a Kante ko Mango, zai kwance ta, ya tarar da soso manne a ciki, ya yanke inda ya tsare masa hanya ya yi aikinsa, kuma ba laifinsa ba ne. Idan tayar ta mutu gaba ɗaya, wadda za a samu ta hannu ce, ba soso ba labarinsa. Daga ranar, motar da aka auna a ɗakin gwaji ta zama wata daban, alhali lasifikanta 36 na nan cif.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne masu kwatanta motoci a mujallun Turai ba sa kawo shi, don ba matsalarsu ba ce. Me za a kunna?

A kowace tashar mota a arewacin Togo, kamar dai a Katsina ko Damagaram, akwai yaro mai tebur da tsohuwar kwamfuta da 'yar lasifika a gabansa, sana'arsa tura abubuwa a memori. Direba zai miƙa masa ɗan katin ta taga. Yaron ya ce, "Baba, wa'azi za a sa ko waƙa?" Shi kuma ya ce, "Haɗa min duka, ɗan nan, amma ka sa Shata a gaba." Cikin 'yan mintoci an cika kati da abin da zai kai mutum Sinkase ya dawo: karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi, waƙoƙin finafinan Kano, Toofan na Lome don yaran mota, wani lokaci da Bella Bellow don masu shekaru. Yaron ba inganci yake sayarwa ba, yawa yake sayarwa, don haka ƙaramin fayil ya fi masa. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, MP3 ɗin da ya fi yawo kuwa 128 ne, wato an zubar da kusan kashi 10 cikin 11 na bayanan. Wani fayil ɗin ma ya bi ta WhatsApp hannu da hannu, wani daga bidiyo aka ciro shi. Idan kuma ta Bluetooth za a tura shi daga waya zuwa mota, a nan ma sai an sake matse shi.

Tsofaffin waƙoƙin nasu labarin daban ne. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma da yawa daga abin da muke ji nasu a yau daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne, da yawansu an ɗauke su a gidan rediyo ko a filin wasa, sauti hanya ɗaya, babu hagu babu dama. Kayan sauti masu kyau ba sa gyara irin wannan, tona masa asiri suke yi. Kamar ɗinkin da aka yi a gaggauce ne: a ɗaki mai fitilar ƙwai yana wucewa, amma fito da shi rana tsaka ka ga kowane zare. Ƙananan lasifikan i7 da aka yi wa baki da lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'anta, aikinsu su fito da siririn amon da sauran ke haɗiyewa. A faifan da aka ɗauka da kyau, wannan shi ne ƙarar yatsa a kan tsirkiya. A kwafin kaset, shi ne shuuu ɗin nan da ke bin waƙar daga farko har ƙarshe. Sau da yawa tsohuwar rediyon Toyota mai lasifika 4 ta fi yi wa Shata adalci, don ba ta jin abin da bai kamata a ji ba.

Dolby Atmos da Lucid ke alfahari da shi, wanda Mercedes da Volvo ma suka ɗauka, ya fi kowa shiga wannan tarko. Tsari ne da aka fara a silima a 2012, inda mai haɗa sauti ke ajiye kowane amo a wani wuri a sarari, wannan a sama, wancan a bayan kafaɗa. Idan ya samu abin da aka haɗa dominsa, abin mamaki ne. Amma sai an haɗa waƙar da shi tun a situdiyo, kuma ta intanet ake samunta, a Apple Music ko Tidal da makamantansu, da kuɗin wata-wata da data mai ɗorewa. Bluetooth ba ya ɗaukarsa. Tsakanin Mango da Dapaong, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, da katin yaron tasha a aljihu, lasifikan da aka dasa a rufin motar ba su da abin yi sai wanda kwamfuta ta ƙirƙira musu: ta ɗauki sauti hanya ɗaya ta watsa shi ko'ina. Wasu na son haka. Ni a ganina yana mayar da mai wa'azi kamar yana magana daga cikin rijiya, kuma abin da na fara nema a allon irin waɗannan motoci shi ne inda ake kashe shi.

Domin mu masu sauraron magana ne. Baturen da ke gwada mota yana sa kiɗan taron goge ko na jita don ya ji faɗin fage. Bahaushe kalma yake bi. Waƙar Shata labari ce da kirari da zambo, idan kalma ɗaya ta ɓace an yi asarar dariya. Tafsiri kuwa ba a ma magana. Kalangu ma magana yake yi, makaɗi na matse tsirkiyoyinsa a hammata yana hawa yana sauka yadda harshe ke yi, kuntigin Ɗan Maraya kuma tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani. Duk waɗannan a tsakiyar ma'aunin ji suke zaune. Kunnen ɗan Adam yana kamawa daga haz 20 zuwa 20,000, amma tsohuwar wayar tarho daga 300 zuwa 3,400 kawai take ɗauka, kuma ana gane magana sarai. Wato abin da ya fi damun mai tafiya Dapaong yana cikin ɗan yankin da matsakaitan lasifika ke riƙe, musamman wadda ke tsakiyar dasbod, ba a babbar wufa mai fitar da amo mai kauri ba, ba a masu girgiza kujera ba.

Da wannan ma'aunin, jerin da muka fara da shi yana juyewa. Volvo tana burge ni don ta ɗora ƙaramar lasifikarta a saman dasbod tana fuskantar mutane kai tsaye, maimakon amon ya fara dukan gilashi sannan ya dawo, kuma wannan murya yake yi wa aiki. Mercedes, mai lamba mafi ƙanƙanta, ta zuba ƙoƙarinta a wajen toshe ƙarar waje da siffar jikin da iska ke zamewa a kai, kuma lasifika 15 a wuri mai shiru sun fi 30 a cikin hayaniya. Taycan motar gudu ce mai ƙasa-ƙasa da faffaɗar taya, kayanta na da kyau, amma ita ce za ta fi shan wahalar gargada. BMW tana da wata fa'ida da ba ta cikin lambobin: an gina i7 ne da tunanin maigida a baya yake zama, har da allon inci 31 mai saukowa daga rufi, da lasifika a matashin kai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Yawancin kayan sautin mota kujerar direba suke yi wa hidima, alhali wanda ya biya kuɗin yana baya ta dama, kusa da wufa, inda ganga ke yawa murya ke raguwa. Duk Alhajin da ya gwada mota yana riƙe da sitiyari, abin da direbansa zai ji ya gwada.

Akwai kuma rashi guda da ba a faɗa a talla. Motoci da dama na lantarki, ciki har da na Tesla da BMW da Volvo, sun daina zuwa da rediyon AM, saboda injin lantarki da na'urar juya wuta suna watsa masa tsatsa. A Amurka abin ya kai har majalisa a 2023, Ford ma ta yi niyyar cirewa ta janye. Ga mutumin Balin wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya taso yana kamo Rediyon Kaduna a matsakaicin zango da dare, lokacin da tashar ke tafiya nesa, yana sauraron tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, hasara ce ta gaske. Tashoshin FM na Sokode da Kara da Dapaong na nan, amma kowacce iyakarta 'yan kilomitoci, kana wuce tsauni ta ɗauke.

Wasu kan tambaya ko wannan ɗimbin wat ba ya shanye batir. Ba ya yi. Batirin EQS ya kai kilowat-awa 107. Ko da mutum ya ƙure wat 1,000 na tsawon awa 5, abin da ba ya faruwa, 5 kawai ya ci. Na'urar sanyaya mota a zafin Maris na Dapaong ta fi shi ci nesa ba kusa ba. Abin damuwa shi ne inda za a yi caji.

Abin da ya rage shi ne tsufa. Hunturun arewacin Togo ƙura yake kawowa mai laushi, tana shiga ta ramukan murfin lasifika ta zauna. Zafin da ke biyo baya yana busar da roba da gam, gargada kuma tana sassauta maƙallan ƙofa ɗaya bayan ɗaya, sai wata rana ganga ta sauka ka ji ƙofa na amsawa. A tsohuwar mota wannan aikin rabin yini ne. Mai wayarin a bayan tasha zai ɓalle murfin ƙofa, ya taɓa wayoyi biyu da ƙaramin batir ya ji ko lasifikar ta yi ƙwas, in ta mutu ya ɗauko wata daga tarin da ke rataye a shagonsa, ya cusa guntun katifa inda ke kaɗawa, ya ce, "Maigida, kunna mu ji." Shi ne ma mai haɗa akwatin wufa na katako a but ɗin motocin haya, kuma ya san aikinsa. A i7 ko Lucid, amfilifaya kwamfuta ce da ke magana da sauran kwamfutocin motar, an saita ta a kan ainihin lasifikar da ke kowane gurbi, kuma ta cikinta gargaɗin bel da na ribas ke fitowa. Sa mata wata lasifika daban yana rushe saitin wannan gefen gaba ɗaya, idan kuma amfilifayar ce ta ƙone, sai an yi odar irinta daga waje, a nemo mai kwamfutar da zai gabatar da ita ga motar. Daga Dapaong, mafi kusa da za a fara neman irin wannan mutum Lome ne, tafiyar fiye da kilomita 600, wani lokacin ma sai an dangana da Akara ko Legas.